Farcen Roba a Kofin Babbar Yaya

Kafin ku cika min akwatin saƙo da "Allah sarki", bari in faɗa muku tun yanzu, ba tausayi na zo nema ba. Mai "Allah sarki" ya adana abinsa, akwai masu buƙata. Labari na zo ba ku, kuma na wannan makon ni da kaina sai da na yi dariya ina buga shi.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: ni malamar kimiyyar sinadarai ce a wata sakandaren 'yan mata. Shekara biyu da suka wuce jikina ya yi min tawaye. Sunan ciwon femfigus, kuma kada ku damu idan ba ku taɓa ji ba, ni ma da digirina sai a bakin likita na fara jinsa. Yadda likitar fata ta yi min bayani, sojojin da ke kare jiki daga cuta ne suke rikicewa, su far wa abin da ke riƙe fata wuri ɗaya. Sai bororo ya riƙa tasowa kamar an watsa wa mutum ruwan zafi. Nawa a baki ya fara. Wata huɗu abinci mai ɗumi ma bai ratsa maƙogwarona ba.

Da bakin ya fara lafawa, sai abin ya sauko kan yatsu. Gefen farce ya kumbura, ya yi ja, yana tsatsafo da ruwa. Goggo, yayar marigayi Babanmu, ta duba ta rantse ɗan karkare ne.

Na ce, "Goggo, ɗan karkare a yatsa goma? Taro suka kira?"

Daga nan farce suka fara barin aiki ɗaya bayan ɗaya. Na farkon a aji ya faɗi, ina cikin goge allo. Na duƙa na ɗauke abina, na sa a aljihu, na ci gaba da darasi. Washegari na zo da farar safar hannu ta auduga, kuma tun daga ranar ɗalibaina suka raɗa min Malama Safa. Sun zaci ban sani ba.

Likitata mace ce mai ɗan ƙaramin jiki, ba ta kewaye-kewaye. Ta ce, "Farce ba daga sama ake gyara shi ba, sai an kashe rigimar daga ciki." Ta ɗora ni kan ƙwayoyin da suka hura min kumatu har Goggo ta fara yi min barka da ƙiba. Aka yi min ƙarin ruwa na wani magani sau biyu. Ta goga auduga a gefen yatsun, ta aika ɗakin gwaji don a tabbatar wata cuta ba ta samu ƙofa ta shiga ba. Sannan ta kafa min dokoki: kada hannu ya daɗe a ruwa, idan wanke-wanke ya kama a sa safar auduga a ɗora ta roba, kada a yanke fatar gindin farce, babu jan farce, babu gam ko da wasa. Ga wani mai da zan riƙa shafawa a gefen kowane farce, safe da ƙarfe huɗu na yamma.

Ta ƙara da cewa, "Ki sa musu ido. Ranar da kika ga gefen ya fara kumbura ki zo, ko da fatarki lafiya lau. Su ne ƙararrawarki."

Farce kuwa ba ya gaggawa. Milimita uku a wata, idan ya ga dama. Wannan lissafin ne ya haɗa ni da Mai Awo.

Mai Awo ma'aikacin safiyo ne, ya zo auna filin da za a gina mana sabon ɗakin gwaji. Ya same ni ina kokawa da murfin gorar ruwa, safa a cire. Na jira "sannu", ko kawar da kai, abubuwa biyun da na saba gani. Shi kuwa ya buɗe min gorar, ya ƙura wa yatsuna ido kamar ya ga taswira, ya ce, "Wannan na tsakiyan ya fi sauran sauri. Kina aunawa?"

Tun daga lokacin, kowace Asabar sai na ajiye rula a gefen yatsuna na ɗauki hoto na tura masa, shi kuma ya zana jadawali, kowane yatsa da kalar layinsa. Wasu ana tura musu fure, ni jadawali ake tura min, kuma ban ga wadda ta fi ni ba. Zuwa makon jiya bakwai sun dawo cif, biyu suna rabin hanya da ɗan kwari-kwari a jikinsu. Babban yatsan hagu ne kaɗai ya ƙi motsi, fili fetal. Shugaba muke ce masa, don sai kowa ya hallara yake zuwa.

Ranar Talata saƙon Mai Awo ya shigo ina cikin makin jarrabawa.

"Babbar Yaya za ta zo ganinki Asabar, huɗu da rabi."

Babbar Yaya yayarsa ce, ita ta riƙe gidansu tun rasuwar mahaifinsu, kuma maganar aurenmu sai ta bi ta hannunta. Abin da ta ce, shi mahaifiyarsu ke ji. Shekara ashirin da biyu tana aikin duba kayan matafiya a filin jirgin sama.

Na rubuta, "Ka gaya mata ciwona?"

"Na yi mata bayani."

"Wane irin bayani?"

"Irin wanda za ta gane."

Masu karatu, idan namiji ya ba ki amsa mai santsi haka, ki ajiye abin da kike yi ki kira shi. Ni ban kira ba. Takarda saba'in na jira na.

Da Mama ta ji, kafin magariba ta kira Goggo. Goggo ta iso da 'yarta, taubashiyata, wadda ke da shagon gyaran gashi da farce a bakin titi. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba.

Ta dire wani akwatin roba mai hawa uku a kan teburin falo. "Matso, baiwata. Yau zan mai da ke mutum."

"Ki fara da kanki, in ga samfur."

Ta buɗe. Farcen roba ne jere reras, ja da ruwan hoda da mai ƙyalƙyali, ga ƙananan kwalaben gam.

Na ce, "A'a."

Goggo ta ce, "Ba a ma faɗi komai ba."

"Na ga gam, Goggo. Kin san abin da ke cikinsa? Idan ya hau farcen da bai yi ƙwari ba, ranar cirewa tare za su fito. Wata takwas ina renon waɗannan. Ko wanke shinkafa da cokali nake yi."

"Ji min 'yar boko! Awa ɗaya fa. Matar ta zo, ta ga hannu kamar na kowa, ta tafi. In an ɗaura aure ki cire har da yatsun in kin so."

"Wanda zai aure ni ya san hannuna fiye da ni. Jadawali gare shi."

Taubashiyata ta ce, "Jadawali zai aura ko ke? Dangin miji ba sa karanta jadawali, hannu suke kallo."

Na miƙe zan bar musu falon, sai Mama ta kira ni. Ba ta ɗaga murya ba, tana ta gyara gefen mayafinta a kan gwiwa.

"Kin tuna matar nan ta bara?"

Na tuna. Kafin Mai Awo akwai wani. Mahaifiyarsa ta zo har falon nan, na kawo mata ruwa a kofin gilashi, ta kalli yatsuna, ta kalli kofin, ta ce ba ta jin ƙishi. Har ta tafi ba ta taɓa shi ba, kuma daga ranar ɗanta bai sake kira ba. Ni ko a jikina, na goge lambarsa na ci abincina. Ashe Mama ce ta ɗauke kofin, ta tsaya a kicin ta shanye ruwan tana hawaye. Sai ranar Talatar nan ta faɗa min.

Ta ce, "Ba zan iya sake ganin an bar miki kofi ba. Ki yi min wannan ɗaya."

Na koma na zauna.

"To. Amma babu gam. Kuma ba mai taɓa Shugaba."

Taubashiyata ta ce akwai wasu 'yan maƙale masu danƙo gaba da baya, ana manna su a ɗora farcen a kai, ana ɓarewa ba ciwo. Shugaba kuma za a naɗe shi da filasta, a ce wuƙa ce. Na san da likitata ta ji da ta cire tabarau ta kalle ni, amma na yarda.

Asabar tun ƙarfe biyu gidan ya rikice. An canza labule, an fito da kofunan shayi masu bakin zinariya da ba a taɓa su sai an yi baƙon kunya. Na sa doguwar riga ruwan toka mai ɗinkin azurfa a wuya, da mayafi baƙi. Taubashiyata ta zaunar da ni a bakin gado, ta goge min kowane farce tas, ta manna tara, jajaye kamar barkono, dogaye har na kasa ɗaukar wayata.

Ta ja baya tana kallo. "Kai! Ashe ke ma 'yar adam ce. Saura ki ji: kada ruwa ya taɓa su, kada mai ya taɓa su. Ko kusa. Kin ji?"

"Na ji."

Na ji ɗin kuwa. Ƙarfe huɗu daidai wayata ta yi ƙara, ƙararrawar da ba ta taɓa wuce ni ba tun da aka ba ni man nan. Ina zaune ni kaɗai a ɗaki, ga bututun mai a kan madubi, ga jajayen farce a hannuna. Ni ce nake koya wa 'yan aji huɗu abin da maiƙo ke yi wa danƙo, har tambaya na sa a jarrabawa. Mama ta ce in sa farce, na sa. Likita ta ce in shafa mai ƙarfe huɗu. Kowa na yi masa biyayya. Na bi gefen kowane yatsa na shafa, yadda na saba, ban rage ba. Ko na ɗan ƙara? Wannan tsakanina da Ubangijina.

Huɗu da rabi ba ta gota ba aka yi sallama. Doguwar mace ce, baƙar abaya, tabarau rataye da sarƙa a wuya, jakar hannu ƙarama. Ta shigo ta kalli falon sau ɗaya, daga labule zuwa ƙarƙashin kujera, irin kallon da ke sa mutum ya tuna ko ya manta almakashi a jakarsa. Aka gaisa, aka tambayi gida da aiki. Na durƙusa na gaishe ta, hannuwa a cikin mayafi.

Goggo ta ce, "Tashi ki kawo wa Yaya shayi mana." Har da kashe min ido, wai a nuna kaya.

Na ɗauko tire. Ina tsakiyar falo na ji na ƙaramin yatsa ya zame, ya faɗa kan kafet ba ƙara. Goggo ta miƙa ƙafa ta take shi, ta ci gaba da labarin zafin gari. Na ajiye tiren, na ɗaga butar shayi, na biyu ya sauka kusa da sukari. Mama ta ɗora masa faranti da sauri kamar ta kama ƙuda. Taubashiyata na leƙe daga ƙofar kicin, ta dafe kai da hannu biyu.

Na zuba shayin, na ɗauki kofin da ladabi, na miƙa. Yaya ta sa hannu za ta karɓa ke nan, na manuni ya sulale.

Tsulum.

Ya nutse, ya taso, ya kama yawo a saman shayin kamar jan kwalekwale.

Yaya ta sa tabarau, ta ɗauki ƙaramin cokali, ta tsamo shi, ta ɗaga shi sama tana juyawa.

"Wannan sabon sukari ne?"

Wallahi na yi ƙoƙari, amma dariyar ta ƙwace. Mama ta rufe fuska da mayafi.

Yaya ba ta yi dariya ba. Ta ajiye cokalin. "Ƙanwata, tun daga bakin ƙofa na ga hannun da ba a saba da shi ba. Kina riƙe tire kamar zai cije ki. Akwai ɗaya ƙarƙashin ƙafar Goggo, akwai ɗaya ƙarƙashin farantin nan. Cire sauran mu ga abin da ke cikin akwatin."

Na zauna a gabanta na zare su ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yi gardama. Na ɓare filastar Shugaba ma, na shimfiɗa hannuwana a kan tebur, yatsa goma, kowa da halinsa.

Ta duba su a tsanake. "Wannan ne sabulun?"

"Wane sabulu?"

"Ƙanena ya ce min sabulu ne ba ya karɓar hannunki."

Sabulu. Masu karatu, mutumin da ya san sunan kowace ƙwayata, wanda ya zauna awa biyar a barandar asibiti ranar ƙarin ruwa, shi ne ya je gida ya ce sabulu. Na gyara zama, murya ta koma irin ta aji.

"Ba sabulu ba ne, Yaya. Sunansa femfigus. Jikina ne ke faɗa da fatata. Ya ci bakina, ya ci bayana, ya zubar min da farce goma. Yanzu ya kwanta, ina shan magani, bakwai sun dawo."

"Ana ɗauka?"

"A'a. Ko da cokali ɗaya muka ci."

"Yana warkewa?"

"Yana kwanciya, wani ya yi shekaru shiru. Yana iya tashi. Ba zan yi miki alkawarin da likita ba ta yi min ba."

Goggo ta yi tari. "Ai ya ma warke, yarinta ce ke—"

Yaya ta ce, "Goggo, bari ta gama. Haihuwa fa?"

"Likita ta ce ana yi, amma sai an shirya da ita tukuna, don akwai maganin da za a canza. Yaran kuma ba lallai su samu ba, da wuya ma. Kuma Yaya, tunda ana buɗe akwati, ga na ƙasan. Farcen nan ba ni na so ba, amma ni na yarda aka sa, laifina ne. Idan gidanku hannu mai kyau ake nema, ku faɗa yau, kowa ya huta. Ni na riga na yi wata huɗu ban ci abinci ba ban mutu ba, rashin miji ba zai kashe ni ba."

Mama ta ce, "Ke!" a hankali. Idonta ba a kaina yake ba, yana kan kofin da ke gaban baƙuwa, wanda ba a taɓa ba.

Yaya ta bi idon Mama da kallo. Ta ɗauki kofin. Na yi sauri na ce, "Kada ki sha wannan, akwai man magani a ciki."

"To zuba min wani." Na kai hannu zan ɗauko safata a gefen kujera, ta ce, "Bar safar. Haka nan."

Na zuba da hannuna tsirara, Shugaba na gefen kofin yana kallon kowa. Ta karɓa, yatsunta a kan nawa, ta kurɓa, ta ce sukari ya yi kaɗan. Na ƙara. Ta shanye tas har ta ɗaga gindin kofin, ta ajiye, ta ce a ƙaro rabi.

Mama ta tashi wai za ta duba abu a kicin. Mun ji ta tana fyace hanci har falo.

Da Yaya za ta tafi, ta yagi takardar goge hannu, ta naɗe jan farcen da ta tsamo, ta jefa a jaka.

"Wannan na kama shi, shaida ne." Ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara tabarau. "Hannunki bai dame ni ba, ƙanwata. Wanda ya kalli idona ya ce sabulu, shi ne zai yi bayani. Amma ki sani, ni mai duba kaya ce kawai. Mai sa hannu tana gida, kuma Mamarmu ba ni ba ce. Tsoron ciwo gare ta ba kaɗan ba."

Tana fita Goggo ta ɗaga ƙafa ta ɓare farcen da ya manne mata a tafin ƙafa. "Ni dama tun farko na ce a faɗi gaskiya."

Taubashiyata ta kama hannuna ta shinshina. "Mai! Na rantse da gangan kika yi, muguwa. Farcena tara!"

"Takwas. Ɗaya yana hannun hukuma."

Rana ba ta faɗi ba saƙon Mai Awo ya shigo, kamar ba abin da ya faru.

"Yau Asabar. Ina hotona?"

Na rubuta, "Tambayi sabulu."

Ya kira sau shida, ban ɗauka ba. Sai ga dogon saƙo: ya ji tsoro ne, ya san halin Mamarsu, ya so su fara sona tukuna sannan ya faɗa a hankali. Wato shi ma farcen roba ya manna min, nasa da baki. Na kife wayar.

Na je na wanke danƙon da ya rage da ruwan ɗumi, na zauna bakin taga ina tsane yatsun da tawul ɗaya bayan ɗaya, ina duba ko gefen wani ya yi ja. Lafiya lau. Da na zo kan Shugaba sai na tsaya. Na matsa cikin haske. Can a gindinsa, inda wata takwas babu komai sai fata, ga wani siririn farin layi mai tauri, kamar jinjirin wata. Na taɓa shi. Farce ne.

Na buɗe baki zan kira Mama, sai na tuna za ta ce masha Allah ta koma kan tukunyarta. Mutum ɗaya ne a duniya ya bar wa yatsan nan layi a jadawali, babu komai a kai, yana jira. Shi ne kuma nake fushi da shi.

Wayar ta yi ƙara. Baƙuwar lamba.

"Yaya ce. Na ajiye wa Mamarmu shaidar a kan tebur, ban ce komai ba. Ta ce ki zo Laraba da hannunki na gaskiya. Shi kuma ga shi nan a gabanta tun ɗazu, yana ta zufa, har yanzu bai wuce 'Mama, dama' ba."

Na ɗauko rula, na ajiye a gefen Shugaba, na ɗauki hoto. Milimita ɗaya cif. Na buɗe shafinsa, na rubuta, "Akwai labari. Ranar da ka faɗa wa Mamarku sunan ciwona da bakinka, za ka gani."

Nan take alama ta nuna ya karanta. Ya fara rubutu, ya goge. Ya sake farawa, ya goge. Hoton yana nan a wayata, ban tura ba, kuma ni da na jira farce wata takwas, ba namiji ne zai nuna min jira ba.